Muryar Umma Tana Cikin D

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na saka Linux a kwamfuta, ni da kaina, ba wanda ya riƙe min hannu. Na rubuta a nan ne don ranar da Yaya zai ce shi ya koya min, in buɗe masa shafin.

Wata uku ana ja-in-ja a ajinmu a kan abin nan. Malaminmu, wanda muke kira Baƙin Allo saboda bai yarda a taɓa maus ba sai dai a rubuta wa kwamfuta umarni, kullum waƙarsa ɗaya ce: wanda ya gama karatun kwamfuta Windows kaɗai ya sani, direba ne da mota ɗaya ya iya. Ya ce manyan kwamfutocin da kamfanoni ke ajiye bayanansu, yawancinsu da Linux suke aiki. Rabin aji suka ce wahalar banza ce, waɗanda suka gama bara wa ya tambaye su? Ni ma can na fi karkata. Sai ga wani kamfani ya aiko zai ɗauki mutum uku daga 'yan ajin ƙarshe, gwaji ranar 25, kuma a kan Linux. Gardama ta ƙare.

Na gaya wa Baba maganar direban. Shi da ya yi shekara talatin yana jan bas kafin idonsa ya mutu, ya yi dariya ya ce, "Auta, ki gaya wa malamin naku, mai mota ɗaya in ya iya ta da kyau yana kai mutane gida."

Kwamfutar ta Umma ce. Da ita take buga wa mutanen unguwa takardu bayan ta bar aikin ofis, har haruffan A da N da K suka goge. Wata takwas ke nan da ta zama tawa.

Na kwashe kayan makaranta a filas kamar yadda Malam ya ce. Da abin ya tambaye ni ko ya goge faifan ajiya ya zauna shi kaɗai, na ce goge, na gaji da nawar Windows. Ai a faifan, ɓangaren C ne ɗakin Windows. Kayan Umma suna ɓangaren D.

Litinin, 4 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya turo min darussan bidiyo arba'in da biyu daga garin da yake aiki. Na sauke su duka, faifan ya kusa cika. Na iya shiga jakar fayiloli da fita ba tare da maus ba. In ka rubuta ƙaramin harafi inda babba ya kamata, ta ce ba ta san zancen ba, kamar Umma in an kira ta da tsawa.

Baba ya ce daga falo, "Yau kwana biyu ban ji 'yar waƙar nan da take yi in ta tashi ba." Na ce sabon tsari ne, ba ya waƙa. Kunnen mutumin nan ya fi idon mutum goma.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe uku da rabi

D ba ya nan.

Laraba, ƙarfe shida

Na duba ko'ina. Na kashe na kunna sau bakwai.

Kowace Laraba bayan la'asar Baba yakan jawo kujerarsa kusa da tebur in kunna masa ɗaya. A watanninta na ƙarshe Umma ta riƙa ɗaukar muryarta a waya da safe, ita kaɗai a ɗaki, ta sa na juye su a kwamfuta, a wata jaka da ta raɗa wa suna "Kar a taɓa". Guda goma sha ɗaya ne. Ran Laraba ta rasu, shi ya sa ya zaɓi ranar. Ni nakan danna in fita tsakar gida in ƙirƙiri wanki, don ba na iya tsayawa.

Yau ya jawo kujerar, ya gyara hularsa kamar mai jiran baƙo, ya ce, "Ta bakwai za ki sa min."

Na ce caja ce ta lalace.

Ya ce to, Allah ya kai mu mako. Ya ja kujerar ya mayar da kansa, bai nemi in kama masa ba.

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Na kai kwamfutar wurin mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin benen da ke bakin kasuwa, inda mutum sai ya karkata zai wuce tsakanin matattun firintoci. Ya san Umma, shi yake canza mata batir. Na yi masa bayani ina haɗa kalmomi kamar wadda aka biyo.

Ya ce, "Tsaya, 'yata. Me ya tambaye ki, me kika danna?"

Na faɗa. Ya yago gefen kwali ya zana murabba'i, ya ja layi a tsakiya. "C da D ba gida biyu ba ne. Gida ɗaya ne aka ja katanga. Ke kika ce a rushe gidan."

Na ce ai a Windows daban-daban suke fitowa. Ya ce ya sani, ba ni ce ta farko ba, kuma yawanci masu ilimin ne ke yin ta, don jahili tsoro yake ji ya kawo masa. Sannan ya ce kar in yanke ƙauna, gogewa sunayen kaya kawai take cirewa, kayan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kamar kaset ɗin da. Zuciyata ta ɗan sauko. Sai ya ce, "Tun yaushe? Kin zuba wani abu a ciki?"

Na ce kwana biyar. Na ce bidiyo arba'in da biyu.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi allo da batir ya iya, tono abin da aka goge ba aikinsa ba ne, ni ce 'yar jami'a. Amma daga yau kar in sake tashin ta daga faifan cikinta, in tashe ta daga filas, kuma kar in ajiye ko da wasali ɗaya. Ya ara min wani faifan waje ya ce in kawo duk ranar da na gama.

A hanya na tuna Umma tana cewa sauri ya haifi nawa. Ni take faɗa wa, kullum ni.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kira Yaya. Na yi ta kewaye-kewaye, ya aiki, ya zafi. Can na ce, "Yaya, muryoyin nan na Umma, na taɓa turo maka kuwa?"

Ya ce, "Kin ce za ki turo, na ce ki bari tukuna, ba zan iya ji ba. Me ya faru?"

Na ce ba komai.

"Ya Linux? Kin ga abin da nake gaya miki ko? Wallahi Auta, ki dage, wannan ne zai fitar da ke. Ni da na sani tun ina makaranta da ba nan nake ba."

Na ce ina dagewa.

Wayar Umma kuwa ni na share ta tas da hannuna kafin a ba ƙanwarta, har ina alfahari na iya. Ba sai na kira kowa a kan wannan ba.

Asabar, 9 ga wata, da safe

Ban taɓa komai ba. Tana kan tebur a rufe, na yafa mata ɗankwali.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyu

Na je ofishin Baƙin Allo. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ya yi. Ya saurare ni yana juya biro.

"Ba na ce ku yi kwafi ba?"

"Na yi, Malam. Na kayan makaranta."

Ya dube ni, ya kawar da kai wajen taga. Ya tambayi me ke ciki. Na ce muryar mahaifiyata. Ya ce Allah ya jiƙanta, sannan ya jawo takarda ya rubuta matakai. Farko in ɗauki hoton faifan, wato kwafinsa gaba ɗaya, in zuba a na waje, in yi tonon a kan kwafin, asalin kuwa a bar shi ya huta. Ya rubuta sunan manhajar tono. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin umarnin kwafin ya ce, "Nan ki kula. In kika juya wanda ake karantawa da wanda ake rubutawa, kin binne ta sau biyu. Ki karanta da ƙarfi kafin ki danna."

Na ce ko zai yi min? Ya ce a'a. Na ji haushinsa har wuya. Ya ce in shi ya yi bai samo komai ba, zan rayu ina zargin bai duba da kyau ba.

Da zan fita ya ce, "Gwajin 25 fa?" Na ce ban sani ba. Ya ce abin da zan yi a makon nan ya fi bidiyon nan arba'in. Na fice, don abin da ya zo bakina ba a faɗa wa malami.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyar

Na karanta umarnin da ƙarfi sau uku, har Baba ya ce da wa nake magana. Awa shida tana kwafi, aka ɗauke wuta, batir ya ƙare. Gobe daga farko.

Laraba, 13 ga wata, bayan magariba

Ya jawo kujera. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da caja, a naɗe da roba. Ashe jiya da na je makaranta ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida, har gidan malamar asibiti a ƙarshen layi, yana tambayar mai irin kwamfutarmu. Mutumin da ba ya ganin kwata sai ya ji ta da sanda.

"Gwada wannan, Auta. Ta ce irin taku ce."

Na karɓa. Irin tamu ce kuwa. Na tsuguna bayan tebur na yi ta taɓa wayoyi, na ce ashe ba cajar ba ce kaɗai, allon ma ya samu matsala, sai an kawo wani daga nesa.

Ya ce, "Ai ni ba allon nake kallo ba."

Na ce ba ta tashi in ba allo.

Ya ce to. Ya ce in mayar wa malamar da kayanta in yi mata godiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma ni nawa kullum ƙara faɗi yake. Ina jin kunyar kaina.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe huɗu

Na kai ta ɗakin kwamfutocin makaranta inda wuta ba ta yankewa. Kwafi ya kammala, awa tara. Na zauna gefenta kamar mai jinya.

Asabar, 16 ga wata, da azahar

Tono ya ƙare. Fayil dubu sittin da ɗaya, ba ko ɗaya mai suna, duk lambobi ne. Na koyi yadda ake ware su da umarni ɗaya, hotuna nan, takardu nan, sauti nan. Abin da da zai ci min wata ya ɗauki minti biyu. Na ji daɗi na ɗan lokaci, sai na tuna dalili.

Takardun Umma sun fito da yawa. Takardar neman aikin ɗan maƙwabta, ƙorafin masu shaguna a kan kwata, wasiƙar wata mata zuwa ga mijinta da ya yi shekara huɗu bai aiko ba. Duk ta gyara musu, ba kuskure ko ɗaya. Takardun mutanen unguwa sun tsira ƙalau.

Na sauti ɗari uku da goma sha huɗu ne. Sai na ji su ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Tamanin. Duk guntayen darasi ne. Wani mutum mai fara'a yana yi min barka da zuwa darasi na tara. Na ji shi sau goma sha shida, da na gan shi da na mare shi, alhali bawan Allah bai yi min komai ba.

Litinin, 18 ga wata, da yamma

Ɗari da arba'in. Ba ta.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe uku

Bari in rubuta abin da nake ta tsallakewa. Goma ne muke kunnawa. Su ta sa musu "Direba 1" har zuwa "Direba 10", don haka take kiran Baba in tana tsokanarsa. Ta goma sha ɗaya "Auta" ta rubuta.

Makon da ta rasu ina jarrabawa, a makaranta nake kwana. Ita ta hana a kira ni, ta ce kar a ɓata min shekara. Yaya yana gefenta, ta faɗa masa nasa baki da baki. Nawa ta riga ta ajiye min a waya, ni ma na juye shi da hannuna ina cewa, "Umma ke dai da fitina, ai ga ni ga ki." Minti ashirin da uku ne, na ga tsawonsa. Ban buɗe ba. Na ce sai na gama makaranta, sai na samu aiki, in zauna in ji ina da abin da zan ce mata.

Ɗari biyu da biyar. Ba ta.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida

Bai jawo kujera ba. Ya zauna a inda yake, rediyo a cinya, bai kunna ba. Da la'asar ta wuce ya ce, "Allon bai iso ba ko?" Na ce bai iso ba. Ya ce hanya ce, ya san hanya.

Ya rage cin abinci. Na zuba masa, ya taɓa ya ture. Ɗazu na same shi a ƙofar ɗakinta leɓensa yana motsi, na ɗauka addu'a yake.

Yaya ya kira yana tambayar shirin gwaji. Ya ce in na samu aikin nan Baba zai huta, Umma ma da tana nan da ta yi guɗa. Na ce network ba kyau na kashe.

Juma'a, 22 ga wata, da safe

Ɗari biyu da casa'in. Ba na so in ƙarasa. Muddin akwai saura, akwai saura.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ta ɗari uku da shida.

Sakan goma sha tara. Gyaran murya, ƙarar fanka, sai ta ce, "Ya kama? To. Auta, ke ce? Ki nemi wuri ki zauna, ki bar saurin nan naki, maganar tana da ɗan tsawo. Kin ga, tun ranar da..."

Daga nan shuuu. Na ja gaba, na ja baya, na buɗe cikin fayil ɗin da kansa na duba lambobinsa. Daga wurin nan zuwa ƙarshe bidiyo ne ya kwanta a kai.

Sauran takwas ɗin darasi ne. Na Baba ko ɗaya bai fito ba.

Na yi kwafinta a filas, a waya, a faifan mai gyara. Yanzu na iya kwafi.

Lahadi, 24 ga wata

Ban tashi ba sai da Baba ya buga ƙofa ya ce ko ba ni da lafiya.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe biyar

Na je. Ban yi niyya ba, Baba ne ya tashe ni ya ce ba yau ce ranar ba? Ya sa na goge takalmina, ya shafa ya ji ko ya yi.

Mu goma sha tara ne, a wani dogon ɗaki mai sanyi, kowa da baƙin allo a gabansa. Aka ce a nemo wasu fayiloli cikin dubbai, a ware su, a yi kwafin faifai. Na ga na kusa da ni yana laluben maus ɗin da babu. Ni hannuna ne ya yi ta yi, kaina ba ya wurin. Kafin in danna na kwafin na karanta shi a fili, mai kula da mu ta juyo ta dube ni.

Bayan nan aka shiga ɗaya-ɗaya. Matar nan ce, shugabar sashen, da wani mai gemu. Ta ce, "A ce wani ya goge bayanan abokin ciniki bisa kuskure, ya kira ki a guje. Me za ki fara yi?"

Na ce, "In ce ya ɗaga hannunsa. Kar a rubuta komai, kar a sauke komai, kar a gwada komai. A ɗauki hoton faifan tukuna."

"In ya ce ai kwana biyar ke nan?"

Na ce, "Sai a tambaye shi me ya zuba a kai. Kuma kar a yi masa alkawari."

Suka dubi juna. Ta ce yawanci ɗalibai sunan manhaja suke fara kira, a ina na koyi wannan? Na ce a gida.

Laraba, 27 ga wata, bayan magariba

Sun kira da safe. Ina cikin ukun.

Da la'asar ni na jawo kujerar na ajiye kusa da tebur, na kamo hannunsa. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Ya iso?" Da ƙasa ta tsage da na shige.

Na durƙusa na faɗa masa. Ba caja, ba allo. Na faɗi C da D, na faɗi bidiyo, ban rage komai ba. Bai katse ni ba.

Ya ce, "Duka?"

Na ce duka.

"Ta bakwai ma?"

Na ce ita ma.

Ya daɗe hannunsa a kan gwiwa. Sannan ya ce, "Na bi layin nan da sanda ina roƙon caja. Har yara suna nuna min hanya." Na ce ya yafe min. Ya ce, "Tashi ki ba ni wuri, Auta." Bai ɗaga murya ba. Baba bai taɓa cewa in ba shi wuri ba.

Ban gaya masa maganar aikin ba.

Alhamis, 28 ga wata, da azahar

Bai fito ba sai sallah. Na ajiye shayi a ƙofa, na dawo na ɗauke shi da sanyi.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe shida

Da hantsi ya kira ni. Yana kan kujerar, a gefen tebur, shi ya jawo ta.

"Wayarki tana ɗaukar magana?"

Na ce tana yi.

"To kunna. Kar kuma ki fita wanki."

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin nata, ya fara: "Direba, ka tuna ranar da na hau motarka da keken buga takardu a cinya? Ka ce a sa shi a but ɗin baya, na ce sai dai a sa ni." Ta bakwai ce. Ya kawo ta tun daga farko, yadda ya riƙa lallaɓa ramuka saboda keken, fasinjoji suna zaginsa wai ko ƙwai ya ɗauko, yadda ta sauka ba ta ko gode ba, ta dawo washegari ba keken ta zauna a kujerar dai. Har inda take tari yana tsayawa. Har inda take dariya, nan ne muryarsa ta karye, ya ce in dakata, ya sha ruwa ya ci gaba.

Ashe abin da leɓensa ke yi a ƙofar ɗakinta ke nan, bita yake.

Mun yi huɗu yau. Ya ce ta biyu da ta tara ba su zauna masa sosai ba, zai kawo abin da ya samu. Ban taɓa jin ko ɗaya ba sai yau, kuma a bakinsa. Na yi kuka, bai hana ni ba.

Da muka tsaya na ce, "Baba, ta goma sha ɗaya fa? Ko sau ɗaya ba ka ji ba? Ko ta gaya maka abin da ke ciki?"

Ya juyo da fuskarsa inda nake. "Taki ce ai. Ta ce kar wanda ya ji sai ke. Ba ki ji ba?"

Na ajiye wayar a kan tebur.

"Wata takwas, Auta?"

Na ce ina jira in samu aiki. Na ce na samu, shekaranjiya suka kira.

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce Allah ya sa albarka.

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe huɗu

Na mayar wa mai gyara faifansa, bai tambaya ba, ya ce in gaida Baba. Na gaya wa Yaya komai a waya, ya ce in turo masa waɗanda Baba ya ɗauka yanzu-yanzu, kar in jira ya ce ya shirya. Na tura.

Baƙin Allo ya tare ni a baranda yana murna. Wai in zo in yi wa 'yan aji biyu magana, masu cewa Linux wahalar banza ce, in gaya musu ko yana da amfani wajen neman aiki. Na ce yana da shi, Malam, ga ni. Na ce zan zo, amma zan fara da zana musu gida ɗaya mai katanga a tsakiya. Ya ce in fara da duk abin da na ga dama.

Laraba, 4 ga wata, bayan la'asar

Mun gama goman. Ta tara rabi ce. Kwafi uku, wuri uku.

Baba ya shiga ya kwanta. Gobe zan fara aiki, na goge kaya na rataye. Na rufe ƙofa, na sa abin kunne, na kunna tawa.

Ta ce in nemi wuri in zauna, in bar sauri, maganar tana da ɗan tsawo.

Na zauna, Umma. Na bar shi yana ta shuuu har minti ashirin da ukun suka cika, ban tashi ba.